Sarƙa a Wuyan Afra

A garinmu Tannried, idan hadari ya taso daga bayan duwatsu ya haɗa baƙi, kowa gida yake nufa. Mata su kwashe shanya, maza su kora shanu garke, sai mutum ɗaya da aikinsa shi ne ya fita. A zamanin da nake ba ku labari, mutumin nan shi ne Korbin, mijin Walburga, mai buga ƙararrawar coci, kuma mai haƙa kabari idan an yi rashi. Zai shiga ƙasan hasumiya ya kama igiya ya yi ta ja har hadari ya wuce, domin tun kaka da kakanni mun yarda cewa muryar Afra tana watsa ƙanƙara, tana korar aljanun da ke hawan gajimare. Afra ita ce babbar ƙararrawarmu. Bishop, shugaban limaman cocin yankinmu, da kansa ya yi mata baftisma ya raɗa mata suna, kuma akwai mutane a garin nan da za ka zagi uwarsu su haƙura, amma ba za ka ce Afra ƙarfe ce kawai ka rabu da su lafiya ba.

Walburga ta tsani ƙararrawar nan, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fada, limamin cocinmu, a wurin furta zunubi. Mahaifinta ne ke riƙe da igiyar kafin Korbin. Tana budurwa aradu ta faɗo kan hasumiyar, ta biyo jiƙaƙƙiyar igiya ta same shi, aka fito da gawarsa takalmansa na hayaƙi. Mutane suka ce ya mutu a bakin aikin Allah, kuma tun da ƙanƙara ba ta taɓa alkama ba a shekarar, ai bai mutu a banza ba. Aka miƙa wa Korbin igiya, daga baya aka miƙa masa 'yar. Tun daga nan duk tsawar da aka yi, Walburga ce ke fara jin ta.

Shi kuwa Korbin mutum ne mai sanyin hali, mai son a rabu lafiya, irin wanda ko zakaru ya tarar suna faɗa sai ya ajiye kayansa ya raba su. Idan ta yi masa maganar igiya, sai ya yi dariya ya ce, "Haba Burgi. In kwana ya ƙare ko a kan gado ne sai an tafi. Ƙaro mini miya."

Ana nan aka kawo mana sabon fada, Fada Benno, saurayi siriri da ya yi karatu a birni wurin manyan malaman coci, waɗanda aka ce suna da ɗaki guda cike da kwalabe da wayoyi inda suke fitar da ƙaramar walƙiya da hannunsu. Bai daɗe ba ya tsaya a kan mumbari ya ce Allahn da ya halicci wutar sama shi ya halicci ƙarfe, shi ne kuma ya ba ɗan Adam hankali, saboda haka zai kafa sandar ƙarfe a ƙolin hasumiya don ta karɓi aradu. Maƙerinmu ya ce shi ba da hannunsa ba. Sai Fada ya tsallaka kogi ya ɗauko wani maƙeri mai suna Gottlob, wanda ya iya aikin amma yake da aibi ɗaya a idonmu: ɗan ɗariƙar Furotesta ne, mu kuwa 'yan Katolika.

Suka kafa sandar, suka ɗaura mata doguwar sarƙa ta biyo jikin bango ta waje har ƙasa, suka haƙa rami mai zurfi suka binne bakinta. Walburga ce ke kai musu burodi da cuku da rana. Wata rana ta tsaya tana murza bakin gyalenta, ta ce wa maƙerin, "Malam, don Allah wannan abu da gaske ne, ko dai shirmen masu karatu ne?"

Gottlob ya share gumi ya ce, "Uwargida, wutar sama baƙuwa ce mai sauri. Ba ta da gaba da kowa, hanya kawai take nema zuwa ƙasa mai danshi. Inda sarƙa ta ƙare, nan take sauka. In aka bar mata hanyarta, mijinki ya yi ta jan igiya har ya gaji."

Ba ta fahimci dalilin ba, ba ta kuma nemi ta fahimta ba. Maganar dai ta zauna mata, kuma a makon nan ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Sai ruwa ya ɗauke. Hadari ya riƙa haɗuwa yana watsewa, alkama ta yi ja tun ba ta yi ido ba, rijiyar dandali ta koma taɓo. To mu mutanen Tannried, Allah ya yi mu da wata baiwa: ba ma yarda masifa ta zo ba tare da mun samo mai ita ba. A zamanin kakanninmu da ƙanƙara ta kashe hatsi, wata tsohuwa mai sayar da ganyen magani aka ja zuwa dandali aka ƙone, da addu'a da waƙoƙin yabo, kuma har yau mata ba sa shanya a gefen nan. Kafin wannan kuma an yi dogon yaƙin nan da 'yan Furotesta, wanda ya cinye rabin garin, kowane ɓangare yana yanka da sunan Almasihu guda. Ba wanda ya ga waɗannan abubuwa da idonsa a cikinmu, amma duk mun sha su a nono.

Wanda ya fara furta abin da ke bakin kowa shi ne Alois Gruber, manomin da ya fi kowa gona da murya. A gidan giya ya buga tebur ya ce sandar 'yan bidi'a ce ke tsire gajimare tana tsiyayar da ruwansu, sarƙar kuma tana zuba wuta a cikin ƙasa tana busar da rijiyoyi. Tsohon mahaifinsa, wanda ya shekara yana kwance yana zagin duk wanda ya wuce ta bakin taga, ya aiko da saƙo cewa shi ba zai mutu ba sai ya ga an sauke ƙarfen shaiɗan daga ɗakin Allah.

Tsautsayi ya sa Gottlob ya dawo ranar wata Lahadi don ya duba ɗaurin sarƙar. Ana fitowa daga sujada a coci aka gan shi. Ban san wanda ya fara jifa ba, kuma duk wanda ka tambaya yau zai ce maka shi yana can baya. Kafin ka ce me, an kai shi ƙasa, ana duka da sanduna da takalman katako, wata murya tana cewa a kawo itace. Walburga ta ga jini yana bin gemunsa. Fada Benno ne ya fito da gudu, rigar sujada a jikinsa, ya faɗa kan mutumin ya rufe shi da jikinsa, har sanda ɗaya ta same shi a kafaɗa.

"Ku ci gaba!" ya ce. "Yanzu kuka karɓi jibin Ubangiji daga hannun nan. Ku karya shi, sai ku je gida ku ci abincin rana!"

Kunya ta sa aka ja baya, amma fushi bai tafi ba. Fada ya ɗora Gottlob a kan amalanke, ya kama linzami da kansa ya nufi birni da shi wurin likita. Suna ɓacewa mutane suka huce a kan sarƙa. Suka tone ramin, suka fizgo bakinta, suka bar ta tana reto a jikin bango. Sandar kuwa tana can ƙoli, ba wanda ya yi ƙarfin halin hawa, don jarumtar Alois a ƙasa take.

Kwana biyu bayan haka tsoho Gruber ya cika, bai ga abin da ya rantse zai gani ba. Korbin ya yi sammako ya haƙa masa kabari a gindin hasumiya, inda manyan gari ke kwanciya, za a binne shi washegari idan Fada ya dawo. Da rana ya shigo gida jikinsa duk ƙasa, yana fara'a kamar wanda ya tsinci abu. Walburga ta ajiye masa miyar kabeji da burodi. Zafi ya yi yawa ranar, ko ganye ba ya motsi, ƙudaje sun addabi kowa.

"Burgi," ya ce, yana tsoma burodi, "na kashe rigimar nan."

"Wace rigima?"

"Ta sarƙa mana. Na zauna na yi tunani. Su Alois suna cewa ƙarfen ba shi da albarka. Fada yana cewa a bar shi. To ni sai na hau sama na jawo bakin sarƙar ta taga, na naɗa ta a wuyan Afra, a jikin ƙarfen da ke riƙe da ita. Ka ga yanzu albarkar Afra za ta bi sarƙa ta hau har kan sandar. Ƙarfe ya zama Katolika, ba sai an sauke shi ba. Na faɗa wa Alois, har ya dafa kafaɗata."

Walburga ta tsaya da ludayi a hannu. Inda sarƙa ta ƙare, nan take sauka. Sarƙa ta ƙare a wuyan Afra, daga wuyan Afra sai igiya, daga igiya sai hannun wannan bawan Allah da ke zaune yana lasar yatsa.

"Korbin, ka kashe kanka."

"Kai, Burgi! Wane irin baki ne wannan ana cin abinci?"

"Ka tashi yanzu ka je ka kwance ta."

"In kwance? Bayan na sha wuya na shawo kan mutanen nan? Ke ba ki ga abin da suka yi wa maƙeri ba? Ki bari Fada ya dawo gobe, duk abin da ya ce shi za a yi."

"Gobe! Ka leƙa waje ka gani ko sama za ta jira gobe."

Ya leƙa. Bayan duwatsu ya yi baƙi ƙirin, ƙasan baƙin kuma akwai wani fari-fari mai kama da toka, wanda ko yaro a garinmu ya san ƙanƙara ce. Iska ta taso ta bugo ƙofa. Kafin ya juyo sai ga muryar Alois daga bakin shinge, da mutane a bayansa.

"Korbin! Kai Korbin! Miya kake sha hatsinmu na shirin tafiya? Fito ka kama igiya!"

Walburga ta riga mijinta fita. Ta tare ƙofa da jikinta ta ce, "Maigida Alois, yau ba zai buga ba. Sarƙar nan tana wuyan ƙararrawa. In aradu ta faɗo, a hannunsa za ta sauka."

"Ji mini mace! Wa ya koya miki karatun sama? Ɗan bidi'ar da kike kai wa cuku?" Mutane suka yi dariya, irin dariyar da ba daɗi a cikinta. Alois ya matso ya rage murya. "Walburga, ubanki ya riƙe igiyar nan kamar namiji. Ɗan abin da fari ya bar mana shi ke tsaye a gona. In ƙanƙara ta kwantar da shi alhali Afra ta yi shiru, mutane za su tambaya wa ya rufe mata baki. Ni kuma ba zan iya tare su ba, ina da gawa a gida."

Ba wanda ya ambaci dandali, amma kowa ya ji shi a cikin maganar. Korbin ya dafa ta a hankali ya kawar da ita daga ƙofa. Fuskarsa ta yi fari, ta gane ya yarda da maganarta, kuma duk da haka zai tafi, saboda ita da 'ya'yansu mata da ke gidan kakarsu. Wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ki rufe tagogi," ya ce. Ya ɗauki hularsa ya bi su.

Ba ta rufe komai ba. Ta tsaya har ta ji Afra ta yi kukan farko, sannan ta tattare siket ɗinta ta zuba da gudu ta bayan gidaje. Manyan ɗigon ruwa sun fara faɗowa, ƙasa na tashin ƙamshi. Maza sun taru a ƙofar coci ta gaba suna kallon sama suna addu'a. Ita ta zaga ta maƙabarta, inda akwai wata 'yar ƙofa da matakalar katako da ke hawa saman hasumiya ba tare da an bi ta ɗakin igiya ba. A nan ta yi karo da Zenzi, matar Alois, ƙawarta tun suna tallan ƙwai, ta zo da tsohon bargo za ta rufe kabarin surukinta kada ruwa ya cika shi.

"Burgi, lafiya? Ina za ki kamar an koro ki?"

"Zenzi, don girman Allah ki tsaya nan. Zan jefo sarƙa daga sama. In ta faɗo ki ja bakinta ki tura cikin ƙasa mai danshi, ki gudu. Kada ki riƙe ta ko na ƙiftawar ido."

"Sarƙar shaiɗan? Ke, mijina zai kashe ni!"

"Nawa mijin ne zai mutu, Zenzi. Yanzu, yau, kina tsaye."

Zenzi ta dube ta, ta dubi sama, ta dubi ƙasar maƙabarta da fari ya mayar kamar dutse. "To ina zan samu danshi a wannan ƙasa? Da farce zan tona?" Sai idonta ya faɗa kan kabarin, wanda Korbin ya zurfafa har ya kai jar laka, ruwa kuma ya fara taruwa a gindinsa. Ta yi alamar gicciye. "Allah ya jiƙan Baba. Yana raye bai taɓa ara wa kowa ko tsintsiya ba. Yau dai zai ara mana ɗakinsa. Hau, 'yar uwa!"

Walburga ba ta taɓa hawa hasumiyar nan ba tun ranar da aka fito da mahaifinta. Matakalar tana da duhu da ƙunci, tana warin kashin tattabaru, kuma duk bugun da Afra ta yi sai katakon ya girgiza a ƙarƙashin ƙafarta. Tana hawa tana karanta addu'ar Maryamu, tana ɓatawa tana sakewa. Da ta tura murfin sama ta fito, sai ƙarar ta doke ta kamar an mare ta da faranti. Ga Afra nan, baƙa, ƙatuwa, tana lilo gaba da baya, bakinta a buɗe. Ruwa na shigowa ta tagogi a kwance, igiya ta jiƙe sharkaf tana sauka tana hawa ta cikin ramin daɓe, kuma Walburga ta san a ɗaya bakin igiyar hannuwan Korbin ne.

Sarƙar tana nan inda ya ce. Kuma da yake Korbin mutum ne mai tsafta a aiki, bai yi mata naɗin wasa ba: ya zagaya ta da kyau, ya soke da ƙaton ƙusa, har ya ɗaura mata ɗan reshen dabino mai albarka na Lahadin Dabino. Ta zage shi da zagin da ba ta san ta iya ba. Dole ta kwanta a kan katako ta miƙa hannu, ta jira Afra ta tafi can, ta ja ƙusar, ta janye hannu kafin ta dawo. Walƙiya ta haska ɗakin fari fat, tsawa ta biyo baya kusa ƙwarai, ta ji gashin hannunta ya miƙe. Ƙusar ta ƙi. Ta cire takalminta na katako ta doke ta, ta sake dukanta, farcenta ya tsage, sai ƙusar ta fice ta faɗa ƙasa. Ta warware naɗin da hannuwa masu jini, ta tattaro sarƙar da nauyinta ya kusa jan ta, ta tura ta waje ta taga.

Ta leƙa. Can ƙasa ta hango Zenzi cikin ruwa, ɗankwalinta ya faɗi, ta kamo bakin sarƙar tana ja kamar mai jan akuya mai gardama. Ta kai bakin kabarin ta wurga ta ciki, ta bi ta da wani dutse, sannan ta kwasa da gudu ta faɗa bayan katanga.

Walburga ta juya ta fara sauka. Ba ta kai rabi ba duniya ta tsage.

Ba ta ji ƙara ba, don kunnuwanta sun riga sun toshe. Haske ta gani ya shigo ta kowace tsaga ta bango, hasumiyar ta yi tsalle, ta zame ta gangaro sauran matakalar da baya. Ta tashi zaune a ƙasa, bakinta da ɗanɗanon ƙarfe, hancinta cike da wari kamar na ashana. Katakon da ke ƙarƙashinta ya daina girgiza. Afra ta yi shiru.

Wannan shirun ta sani. Irinsa aka yi ranar mahaifinta. Ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, ta fita cikin ruwa ta zaga zuwa ƙofar gaba, kuma ba ta yi gudu ba, don ba ta son ta isa. Mazan da ke bakin ƙofa duk suna ƙasa, wasu a durƙushe, wasu rub da ciki. Alois yana zaune cikin taɓo, hularsa ta tafi, bakinsa a buɗe. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ruwa zalla, ƙanƙarar ta bi ta kan daji ta wuce. Ta ratsa su ta tura ƙofar ɗakin igiya.

Korbin yana zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, igiya na reto a saman kansa. Idanunsa a buɗe suke. Ta tsaya tana kallonsa, sai ya ƙifta. Ya ɗaga hannuwansa ya duba gaba da baya, ya taɓa gemunsa, ya dube ta, ya ga jini a yatsunta da takalmi ɗaya, ya ga kashin tattabaru a gashinta. A hankali ta ga fahimta ta sauko masa a fuska.

Mutane suka fara shigowa a bayanta, suna leƙe, ba mai son ya fara ganin gawa. Da suka ga mutum zaune yana ƙifta ido, sai wuri ya rikice. Wani ya faɗi ya sumbaci daɓe, wani ya ce Afra ta yi abin al'ajabi. Zenzi ta kutso jiƙe sharkaf, ta kamo hannun mijinta ta ja shi waje, sauran suka bi. Ta kai su bakin kabarin. Ruwan da ke ciki yana tururi, lakar gefe ta ƙone ta yi baƙi, sarƙar ta yi zafin da ɗigon ruwa ke tsuwa a kanta, kuma tun daga ƙolin hasumiya har ƙasa ta bar zane a jikin bango.

Alois ya leƙa ramin. Ya ce, "Wa ya sa wannan abu a kabarin ubana?"

"Ni ce," in ji Zenzi. "In kana da magana ka bari mu je gida, ka faɗa mini ina ba ka busasshiyar riga. Da ba a sa ta nan ba, da yanzu Korbin ne kwance, ka rasa mai binne maka uban."

Wani tsoho daga baya ya ce ai tsoho Gruber ya rantse sai ya ga ƙarfen nan a ƙasa, ga shi an kawo masa har ɗaki. Dariya ta ƙwace wa wani, ta kama na kusa da shi, har ta zagaye maƙabarta, maza tsofaffi suna dariya suna share ido cikin ruwan da suka yi wata da watanni suna roƙo. Alois bai yi dariya ba, amma bai sake cewa a sauke sanda ba, ranar ko bayanta. Har yau in ka tambaya a Tannried, rabin gari za su ce maka Afra ce ta ceci Korbin, rabi su ce ƙarfen Gottlob ne, kuma an fi samun zaman lafiya idan ba a tambaya ba. Da Fada ya dawo ya ji labari, zama ya yi a bakin rijiya ya rufe fuska da hannu. Daga baya ya sa Alois da kansa ya kai wa maƙerin buhun alkama har gadon jinyarsa, ya kuma tsaya a kansa sai da ya buɗe baki ya nemi gafara.

Amma duk wannan Walburga ba ta gani ba, daga baya aka ba ta labari. Ita tana can ɗakin igiya, ta tsaya a kan mijinta, hannu a ƙugu, tana zazzaga masa abin da ta tara shekara da shekaru. Ta kira shi sakarai, ta kira shi mai raba faɗan zakaru, ta ce wa ya ce masa ana yi wa ƙarfe baftisma, ta ce da ya mutu da ba za ta yi masa kuka ba ko ɗigo. Ba ta jin muryarta, don Afra ta toshe mata kunne. Shi ma bakinsa sai motsi yake, yana nuna yatsunta yana nuna sama, da alama faɗa yake yi mata a kan hawan da ta yi, kuma tsawa ta toshe nasa kunnen. Haka suka yi ta yi wa juna ihu, ba mai jin wani, har numfashinta ya ƙare.

Ta durƙusa a gabansa, ta kama rigarsa da ta jiƙe da gumi da ruwa, ta kifa kanta a ƙirjinsa. Ba ta ji komai da kunne ba. Amma a kumatunta ta ji abin yana bugawa, da sauri, da ƙarfi, bai tsaya ba. Ta ƙara manna fuskarta, ta bar shi ya yi ta bugawa.